Na Ba Shi Sumaiya

Sunana Nagoda, Malam Nagoda in kana so mu shirya. Na koyar da Hausa a sakandare har na yi ritaya, waƙa kuwa ina rubuta ta tun gemu bai fito mini ba. A Tudun Wadar Zariya in ka ji an ce wa mutum ya kai waƙarsa a duba masa kari, to ƙofar gidana ake nufi. Ba yabon kai nake ba, in ma yabon kan ne, na yi. Amma labarin nan na ɗan ƙanwata ne, Mujahid, ko da yake ba zan fasa cusa kaina a ciki ba.

Mujahid kafinta ne. Shagonsa yana kan hanyar Kongo, inda ɗalibai ke zuwa ya yi musu teburin karatu da kantar littattafai. Hannunsa yana da kyau, wallahi in ya haɗa maka kujera sai jikokinka sun gaje ta. Bakinsa ne Allah ya jarrabe shi da shi. In'ina gare shi, kuma ba irin 'yar ƙaramar nan da ake yi ana wucewa ba. In kalma ta maƙale masa sai haɓarsa ta kama rawa, ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta miƙe. Mutane kuwa ba su da haƙuri, kafin ya kai rabi sun ƙarasa masa, sau da yawa ma da abin da ba shi yake nufi ba. Wannan ƙarasawar ta fi in'inar ƙona masa rai, shi ya sa ya zama mutum mai shiru.

Mahaifinsu ya riga rasuwa, ba a jima ba ƙanwata Ishatu, wadda suke kira Inna, ta bi shi. Ta bar Mujahid yana saurayi, ta bar masa ƙanwarsa Sumaiya tana firamare. Shi ya riƙe ta. Shi ne mai kai ta makaranta a bayan keke, shi ne mai zaman asibiti in zazzaɓi ya kama ta, har kitso shi ke raka ta ya zauna a zaure yana jira. Haka aka yi ta tafiya har ta gama makarantar koyon jinya, wani malamin makaranta daga Dutsen Abba mai suna Suhaibu ya fito neman aurenta. Tana sonsa, yana sonta, aka yi bincike, aka sa rana.

Sai ga baffansu, Alhaji Muntaka, ƙanin mahaifinsu, ya taso daga Hanwa da motarsa da babbar riga. Mutumin da sai Sallah ake ganinsa, ita ma ba kowace ba. Muna zaune a tsakar gidan Mujahid ana tsara biki, ya gyara zama ya ce, "To, batun waliyyi ba sai an tattauna ba. Ni zan ba da auren, kamar yadda aka saba."

Gaskiya haka aka saba, ƙanin uba ke ba da aure. Ni kawu ne, dangin uwa, ba ni da ta cewa a nan, sai na zauna ina cika ina batsewa. Daga bakin ƙofar ɗaki sai muka ji muryar Sumaiya a hankali.

"Baffa, ka yi haƙuri. Ni Yaya nake so ya ba da ni."

"Ke! Da ke ake magana?"

"A'a, Baffa. Amma ni za a bayar."

Kai, yarinyar nan ta burge ni! Alhaji Muntaka ya sha mur, ya ce a je wurin liman ya raba gardama. Muka je. Limamin unguwarmu, Malam Sharfaddeen, mutum ne da ba ya kwana-kwana. Ya ce a shari'a ɗan'uwa shaƙiƙi yana gaba da baffa, sai dai in shi ɗan'uwan ne ya wakilta baffan da kansa.

Alhaji Muntaka ya yi wata 'yar dariya. "Allah gafarta malam, ba na ja da littafi. Amma mutane za a tara fa. Wakilin ango zai nema sau uku, waliyyi ya amsa sau uku. Yaron nan zai zauna gaban surukai yana b-b-b har a kira azahar? Mutuncin gidanmu nake dubawa."

Mujahid yana zaune kansa a ƙasa. Da na dube shi, na san maganar ta shige shi.

Washegari da hantsi ya same ni a zaure. Ya daɗe yana fama kafin ya fitar da abin da ya kawo shi, ni kuma ban taɓa ƙarasa masa magana ba, don haka na jira. Ashe cewa zai yi a bar wa Baffa. Ba ya so ya kunyata Sumaiya a gaban dangin mijinta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kai Mujahid, ka raina ni ne? Ka ci wuyar yarinya tun tana zubar da haƙori, ranar daɗin kuma ka miƙa wa mai babbar riga? Ba a gabana ba!"

Ya nuna bakinsa da yatsa, ya girgiza kai.

Na ce, "Karanta mini Fatiha."

Ya dube ni kamar na zare, amma ya karanta. Tas, ko tuntuɓe ɗaya babu.

"Jiya da na wuce shagonka, me kake rerawa kana goge katako?"

Ya yi murmushin kunya. Wata tsohuwar waƙar makarantar Islamiyya ce, na ji shi da kunnena yana jan ta tiryan-tiryan, bai san ina tsaye ba.

Na ce, "To ka gani. Duk abin da ke da kari harshenka yana binsa. Maganar yau da kullum ce ba ta da inda za ka dafa, shi ya sa kake faɗuwa. Zan tsara maka amsar waliyyi a waƙe, a kan ma'auni, ka hau ta ka wuce. In Muntaka bai haɗiye dariyar nan tasa ba, ka canza mini suna."

Na shiga ɗaki na zage. Da yake an taɓo ni inda nake ji da kaina, sai da na zubo waƙa mai baitoci rututu, ƙwar biyar, wato ɗango biyar a kowane baiti, da yabon Ma'aiki a farko, da tarihin gidansu, da nasiha ga ango, da amsa-amon ciki da na waje, kowane yana zaune daram. Na kai musu gida na rera musu ina lumshe ido. Da na gama, Mujahid ya yi tsuru-tsuru. Sumaiya kuwa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Me ye abin dariya?"

"Kawu, waƙar ta yi daɗi wallahi. Amma aure za a ɗaura, ba gasar marubuta ba. Kafin Yaya ya kai baiti na uku an cinye goron an watse."

Na ji haushi, don ta fi ni gaskiya. Na koma na yi ta sara, ina yankewa ina jin zafi kamar naman jikina nake yanka, har abin ya dawo ƙwar biyu, baiti uku kacal, ɗaya ga kowace tambayar wakilin ango. Ga na farko:

Na ba shi Sumaiya da hannuna,
Shaidu ku ji, Allah shaidana.

Kada ka raina shi don gajartarsa, akwai aiki a ciki. Na zaunar da Mujahid a kan bencin shagonsa na ce ya miƙo gwiwa. Na ce gaɓa iri biyu ce a waƙa, doguwa da gajeriya. "Na ba", dogaye biyu ke nan. "Shi Su-mai", gajeru biyu da doguwa. "Ya da han", haka nan. "Nu-na", dogaye biyu, ka sauka. Ƙafa huɗu a kowane ɗango, kowace ƙafa ka buga gwiwa sau ɗaya da yatsa. Masana suna kiran wannan kari Mutadarak, amma na ce masa ya manta da sunan, ya tuna da zartonsa kawai, yadda yake tafiya ya dawo ba ya gaggawa.

Amsa-amon kuwa na zaɓi "na" da gangan, domin duk cikin haruffa shi ne wanda bai cika yi masa gardama ba. In mutum ya san inda ɗango zai sauka, hankalinsa yana kwanciya tun daga farkonsa. Baiti na biyu ban canza komai ba sai kalma ɗaya:

Na ba shi Sumaiya da bakina,
Shaidu ku ji, Allah shaidana.

Ya tambaye ni, da ƙyar, ko ba za a ce na rasa abin faɗa ba ne nake ta maimaitawa. Na ce wanda bai san waƙa ba shi zai ce haka. Maimaici hanya ce da baki ya riga ya taka, ba ya ɓata a cikinta. Ɗango na biyu kuma amshi ne, ba ya motsi, nan ne wurin hutawarka, ka ja numfashi kafin a sake tambaya. Sannan kalma ɗayan nan da ta canza, ita kunne zai kama, don duk sauran ya riga ya ji su.

Baiti na uku shi ne abin alfaharina:

Na ba shi Sumaiya, ɗiyar Inna,
Shaidu ku ji, Allah shaidana.

Mu a Zariya 'ya muke cewa, amma 'ya ta gaza da gaɓa ɗaya, kari ya karye, sai na aro ɗiya daga bakin mutanen yamma ta cike gurbin cif. Ranar da Mujahid ya fara rera wannan baitin bai kai amshi ba ya tashi ya shige bayan shago. Ni ma na ɗan juya ina gyaran hula, don Innar nan ƙanwata ce.

Muka yi ta bita. Kullum da la'asar ina shagon, ina zaune cikin garin katako ina yin wakilin ango, ina tambaya yana amsawa. Wani lokaci ya yi sauri in daka masa tsawa, wani lokaci ya ja "han" fiye da kima in ce waƙa ce ba kiran salla ba. Har Linus, maƙwabcinsa mai sayar da ƙusa da fenti, ya haddace amshin. Da Mujahid ya kai ƙarshen ɗangon farko sai ka ji daga shagon gefe an amsa da ƙarfi, "Shaidu ku ji, Allah shaidana!" Sai mu bushe da dariya, Mujahid har da riƙe ciki. Kafin ranar biki yana iya rera baitocin nan uku ko daga barci aka tashe shi.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallacin unguwa. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata: mutanen Dutsen Abba, kafintocin hanyar Kongo, abokan aikin ango, Linus ma yana can gefe cikin sabuwar shadda. Mata suna cikin gida suna jiran labari. Mujahid ya zauna gaban liman cikin farar riga, ni ina dama da shi, Alhaji Muntaka yana hagu yana ta kaɗa makullin mota. Aka yi salati, aka faɗi sadaki aka miƙa, aka ba wakilin ango, wani dattijo mai suna Malam Kailani, abin magana.

Ya ce, "Ina nema wa ɗana Suhaibu auren 'yarku Sumaiya."

Aka miƙa wa Mujahid lasifika. Na ga yatsansa ya sauka a gwiwa, ɗaya, biyu, sai murya ta fito, a sake, a natse:

"Na ba shi Sumaiya da hannuna,
Shaidu ku ji, Allah shaidana."

Waɗanda suka san shi suka dubi juna baki buɗe. Wani tsoho a baya ya ce, "Ikon Allah!" Ni kuwa kaina ya kumbura har hulata ta matse ni. Malam Kailani ya ɗan yi turus, sannan ya sake nema karo na biyu. Mujahid ya sake hawa karin nan ya wuce sumul, ya sauke "da bakina" daidai inda na koya masa, har na ji wasu suna bin amshin ƙasa-ƙasa.

Kafin a yi ta uku sai Alhaji Muntaka ya ɗaga hannu.

"Allah gafarta malam, a yi mini afuwa. Aure muke ɗaurawa ko waƙa muke saurare? Gobe wani ya tashi ya ce da wasa aka ba da 'yar gidanmu. Ni ban taɓa ganin an ba da aure ana rerawa ba."

Na yunƙura zan tashi, wallahi da na tashi da an ji mu har Kongo. Liman ya ɗaga mini hannu na koma na zauna ina huci. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Lafazin da waliyyi ya yi ingantacce ne, ba wasa a cikinsa. Amma tunda an ta da shakka a gaban shaidu, gara a kashe ta a gaban shaidu. Malam Mujahid, ta ukun nan ka faɗe ta da magana kawai, ba rerawa."

Baitina na uku, wanda na fi ji da shi, ya tafi ke nan ba wanda zai ji, amma ba shi ne ya dame ni ba a lokacin. Na dubi yaron nan na ga zufa ta keto masa a goshi.

Alhaji Muntaka ya matso, ya sassauta murya kamar mai tausayi. "In da wahala, ɗana, ka wakilta ni kawai. Kalma ɗaya ce, ka ɗaga kai ma ya isa." Har ya miƙo hannu zai karɓi lasifikar.

Mujahid bai sake ta ba. Ya ɗauke yatsansa daga gwiwa, ya riƙe ta da hannu biyu, ya dubi Malam Kailani ya gyaɗa masa kai. Dattijon ya nema karo na uku.

"N-n-n... na..."

Kalmar ta maƙale. Haɓarsa ta kama rawa, idanunsa suka runtse, lasifika kuma ba ta da sirri, duk wani gurnani da ke maƙogwaronsa sai da ta watsa shi har bakin titi. "B-b-b..." Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya a baya, na ji an kai masa rankwashi. Wani daga cikin abokan ango ya buɗe baki zai taimaka, liman ya harare shi ya ce, "Kada wanda ya ƙarasa masa."

Aka jira. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai san na ji kukan akuya daga wani gida, na ji babur ya wuce ya ɓace, Mujahid yana nan yana kokawa da harafi ɗaya. Jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiyar guga. Na sunkuyar da kai ina salati a zuci.

"B-ba... ba shi."

Ya ja numfashi. Kowa ya ɗauka ya gama, har liman ya ɗaga hannu zai yi magana, sai Mujahid ya girgiza kai. Bai gama ba.

"Na b-ba S-s-suhaibu... auren ƙ-ƙ-ƙanwata... S-sumaiya. A r-r-riƙe ta... da a-amana. B-ba ta da... k-kowa... s-sai ni."

Wannan ban koya masa ba. Ba kari, ba amsa-amo, ko'ina a karye, da ɗalibi ne ya kawo mini a takarda da jan biro zan bi shi. Amma na rantse da Allah tunda nake sauraren magana a duniya ban taɓa jin wadda ta cika ni da alfahari kamar wannan ba. Hawaye suka zubo mini a gaban jama'a, ban ko share ba.

Malam Kailani ya kama hannun Mujahid da hannu biyu, ya ce, "Mun karɓa, mun karɓa da amana. Daga yau kuma tana da mu."

Liman ya ce, "Jama'a, kun shaida?"

"Mun shaida!" Yadda aka amsa sai da tattabaru suka tashi daga rufin masallaci. Aka shafa Fatiha, maroƙi ya fara shela, mutane suka yi caa a kan Mujahid ana musabaha, kafintoci suna ta jijjiga shi. Alhaji Muntaka ma ya miƙa masa hannu, ni kuwa don albarkacin ranar na ƙyale shi, ko da yake maganganu sun cika mini baki fal.

Ni aka aika in kai labari cikin gida. Na yi sallama na kutsa tsakar gida, mata suka yo kaina da tambaya, na wuce su har ɗakin da amarya take. Tana zaune a bakin gado cikin lulluɓi, ƙawayenta kewaye da ita, hannuwanta sun sha lalle. Tana ganina ta miƙe tsaye, ta yaye mayafin daga fuskarta.

"Kawu, an ɗaura?"

"An ɗaura."

"Wa ya ba da ni?"

"Yayanki."

Ta dafa ƙirji. Ta dube ni sosai, ta ga idanuna sun yi ja. "Ya yi in'ina?"

"Ya yi. Sosai ma, irin wadda ba ki taɓa ji ba."

"Wa ya ƙarasa masa?"

Na ce, "Ba kowa, Sumaiya. Da kansa ya kai ta ƙarshe."

Ta koma ta zauna a bakin gadon, ta rufe fuska da tafukanta tana kuka tana dariya, ƙawayenta suka rasa ko rarrashi za su yi. Wata tsohuwa da ke bakin ƙofa ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sauran matan tsakar gida suka ɗauka.